Ka Samu Gurbin Likitanci, To Ina Za Ka Kwana?

 

Yau ba siyasa za mu yi ba. Na san wasu har sun gyara zama suna jiran in taɓo 'yan majalisa, to ku yi haƙuri, sati mai zuwa muna nan. Yau maganar ɗaki za mu yi. Eh, ɗakin kwana. Lokaci ne da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu ke fitowa, kuma saƙonni sun yi mini yawa daga ƙannenmu, musamman waɗanda Allah ya ba likitanci, wato medisin. Tambayar kusan iri ɗaya ce: Yaya, hostel zan nema, ko haya zan kama a gari, ko in zauna gidan 'yan'uwa?

Tun farko in faɗa muku, ni ba likita ba ne. Kimiyyar siyasa na karanta, jini ma idan na gani jiri nake ji. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne na yi asarar kuɗin mahaifina a kan wannan maganar, da hannuna, ba wanda ya tilasta ni.

Shekara biyu da suka wuce ƙanwata ta samu medisin. Ranar gidanmu kamar ana biki. Tun ba ta san ƙofar jami'a ba aka fara kiranta Dakta, har wata maƙwabciyarmu ta kawo mata ƙafarta mai ciwo wai ta duba. Da dare Baba ya kira ni ya ce, "Kai ne ka yi jami'a, ka je ka nemo mata inda za ta zauna. Ba na son ta wulaƙanta." Ya ƙirgo kuɗi ya ba ni. Na san daga inda kuɗin suka fito, masarar da ya ajiye yana jiran farashi ya tashi ita ya fitar ya sayar.

Ni kuma da iyayi na, sai na yi lissafin da na ga ba shi da ja: likita ai asibiti. Ina sauka a garin, ba zan faɗi sunansa ba, na wuce kai tsaye unguwar da ke bayan asibitin koyarwa. Wani dillali ya kai ni wani gida, ɗaki ciki da bayi, da tayil, da burtsatse a tsakar gida, da maigadi. Daga ƙofar gidan zuwa get ɗin asibiti tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Ya ce mini, "Yallaɓai, yanzun nan wani ya tafi ɗauko kuɗi, in kana so ka yi sauri." Na yi saurin kuwa. Na biya kuɗin shekara, na biya la'ada, na ɗauki hotuna na tura gida, kowa yana sa mini albarka.

Ranar da ta gama rajista ta kira ni. Ta ce, "Yaya, ka san duk lakcocinmu a babbar harabar jami'a ne? Sun ce sai aji huɗu za mu fara zuwa asibitin." Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Tsakanin ɗakin da na kama da inda za ta riƙa ɗaukar darasi, sai an hau adaidaita sahu sau biyu, an ratsa tsakiyar gari.

To bari in tsaya a nan in yi bayani, don wannan shi ne abin da da yawanmu ba mu sani ba, har da mu da muka gama jami'a. Karatun likitanci a Najeriya shekara shida ne ga wanda ya shiga daga aji ɗaya, kuma ba a wuri ɗaya ake yin sa ba. A aji ɗaya kai ɗalibin kimiyya ne kawai, fiziks da kemistiri da bayoloji kake yi, a manyan ɗakunan lakca, tare da ɗaruruwan ɗaliban wasu kwasa-kwasan. Aji biyu da aji uku su ne na anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri, lokacin da za ka fara yanka gawa kana dawowa ɗaki da warin fomalin a jikin farar rigarka. A ƙarshen wannan zangon akwai babbar jarrabawar da kowa ke tsoro, wadda in ka haye ta sannan za ka koma asibiti. Daga aji huɗu zuwa shida ne rayuwarka take komawa asibitin koyarwa gaba ɗaya.

Kuma a yawancin garuruwanmu jami'a daban, asibiti daban. A Zariya babbar harabar ABU tana Samaru, asibitin koyarwa yana gaba a Shika. A Kano, BUK tana da tsohuwar haraba da sabuwa da ke kan titin Gwarzo, shi kuma Asibitin Malam Aminu Kano yana can titin Zariya, wani ɓangaren gari daban. A Sakkwato mazaunin jami'a na dindindin yana wajen gari, asibitin koyarwa yana cikin gari. A Jos asibitin yana Lamingo. Kun ga ke nan wanda ya shiga medisin ba gidan shekara shida yake nema ba. Gidan bana yake nema, kuma zai tashi aƙalla sau ɗaya, wani sau biyu. Don haka kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, ka samu ɗan aji biyu ko aji uku na makarantarka ka tambaye shi: a wane gini ake yin lakcar ƙarfe takwas ta 'yan aji ɗaya? Daga wannan ginin za ka fara auna nisa. Ni wannan tambayar ce ban yi ba. Kiran waya ɗaya ne, amma girman kai ya hana ni.

Yanzu mu yi lissafi, don mutanenmu suna yawan kallon kuɗin haya su manta da kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda sufuri ya koma. A ce zuwa 500 ne, dawowa 500. Dubu ɗaya ke nan a rana. Kwana shida a sati, don 'yan medisin har Asabar sukan fita, 6,000 ke nan. A wata 24,000. A wata goma 240,000. Kwatanta da kuɗin kashewa da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND yake bayarwa, 20,000 a wata. Wato ko ka samu lamunin, mai adaidaita ne zai cinye shi, har ka ciko masa. Ɗakin da ka ga yana da araha saboda yana nesa, ka ɗora masa wannan kuɗin tukuna ka ga ko har yanzu arahar tana nan. Ban ma yi maganar lokaci ba. Awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, ka iso a gajiye da ƙurar titi, littafin anatomi mai kaurin bulo yana jiran ka.

Mun koma wurin mai gidan a kan ya dawo mana da kuɗi. Ya ce kuɗi sun shiga, sai dai mu nemo wanda zai gaje mu. Dillalin kuwa ya daina ɗaga wayata. Da na duba abin da ke hannuna, rasit ne guda ɗaya na irin wanda ake sayarwa a kasuwa, babu wata yarjejeniya. Sai bayan wata biyu muka samu wata 'yar aji huɗu ta karɓi ɗakin, a kan ƙasa da abin da muka biya. La'ada ta tafi, hayar wata biyu ta tafi, ragin da muka yi mata ma ya tafi. Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Allah ya mayar da alheri." Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

A wannan tsakanin ta koma gidan Gwaggonmu, wadda ke aure a garin, kuma gidanta ya fi kusa da makaranta. Ina so in daɗe a nan kaɗan, saboda wannan zaɓin shi ne iyayenmu suka fi so, musamman ga 'ya mace, kuma shi ne wanda ba a iya faɗin gaskiyarsa a gida.

Gwaggo mutuniyar kirki ce, ta karɓe ta hannu bibbiyu, ko sisi ba ta karɓa ba. Amma a gidan Bahaushe budurwa ba ta zama tana kallon littafi alhali uwar gida tana tsaye a kicin. Ba sai an ce ta tashi ba, kunya ce za ta tashe ta. Shara da asuba, shirya yara makaranta, wanke-wanke da dare, baƙi sun zo a kawo ruwa, an yi haihuwa a maƙwabta a je barka. Kowanne ƙaramin abu ne. Haɗa su ka ga awa nawa suka ci. Sannan ga dokar gida, kafin magariba kowa ya shigo, su kuma 'yan ajinta sai bayan la'asar suke zaman tattaunawar karatu. Sati shida ta yi, gwajin farko na kemistiri ya fito, sakamakon ya tsorata ta. Kuma ku sani, a makarantu da yawa samun gurbin medisin ba shi ne ƙarshe ba. In ba ka kawo makin da ake so a aji ɗaya ba, ba za ka wuce aji biyu a likitanci ba, wani kwas ɗin za a tura ka. Ta kira ni tana kuka, ta ce ba ta san yadda za ta gaya wa Baba ba tare da an ce ta raina Gwaggo ba.

Ban ce kada a zauna gidan 'yan'uwa ba. Wani ba shi da wani zaɓin, wani kuma gidan ya fi masa ko'ina. Abin da nake cewa shi ne manya su yi maganar tun kafin a kai akwati. Uba ko uwa su ce, yarinyar nan karatunta mai nauyi ne, ga lokacin da za ta taimaka, ga lokacin da za a ƙyale ta, ga ranakun da za ta yi yamma a makaranta. Yarinya 'yar shekara 18 ba za ta iya faɗa wa gwaggonta wannan ba. In manya ba za su iya faɗa ba, to gara a nemi wani wurin tun zumunci bai samu tabo ba. Haka wanda gidan iyayensa yake garin. Abinci kyauta, wanki kyauta, amma kai ne ɗan aike, kai ne direban Umma zuwa biki.

Daga baya Allah ya taimake mu ta samu gado a hostel. Ni a ra'ayina, in ka samu hostel a shekarar farko, ka kama. Ba don daɗi ba, daɗi kam babu. Layin banɗaki, layin ruwa, kuɗin cizo, ɗakin mutum huɗu ya koma na takwas saboda kowa ya kawo ɗan garinsu. Amma kuɗinsa bai kai haya ba, a ƙafa za ka tafi aji, kana cikin katangar makaranta da dare, kuma in an ɗauke wuta akwai ajin da za ka je ka yi karatu. Babban abin ma shi ne mutane. A hostel za ka haɗu da 'yan aji uku da za su ba ka tsofaffin tambayoyin jarrabawa, su gaya maka wane littafi za ka saya, wane ne ɓarnar kuɗi. Wanda ya kulle kansa a ɗaki shi kaɗai a bayan gari, ranar da aka canja lokacin gwaji shi ne na ƙarshen ji.

Gadon hostel kuwa ba ya jira. A makarantu da yawa ta intanet ake nema bayan an biya kuɗin rajista, kuma kafin ka ce me gurabe sun ƙare. Ka biya rajistarka da wuri, ka san ranar da za a buɗe, ka tanadi data. Kada ka sayi gado a hannun wani ɗalibi a ɓoye. Yawancin makarantu sun haramta, in aka kama ku kai da shi duka za ku rasa, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara. A nan dai dole in ɗan taɓa siyasar da na ce ba zan taɓa ba: kullum ana ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka, ana cewa muna da ƙarancin likitoci, amma gadon da za su kwanta ba ya ƙaruwa yadda suke ƙaruwa. Ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da na ƙananan hukumomi, maimakon walimar karrama 'yan siyasa, ku kama gida ɗaya kusa da makaranta ku sauke sababbin ɗalibanku ko na wata ɗaya ne, kafin su gane gari. To na bari.

Sai maganar abokin zama, wadda a kanta nake da laifi na biyu. Lokacin ina aji uku akwai wani ɗan medisin a ɗakinmu, yana shirin babbar jarrabawar nan. Mu kuwa mun gama tamu, amma ba mu tafi gida ba. Karta har ƙarfe ɗayan dare, musun ƙwallo, wannan ya ce Madrid wancan ya ce Barcelona. Shi kuma yakan dawo daga aji da asuba ya kwanta, mu kuma lokacin muke tashi mu kunna waƙa. Bai taɓa yi mana magana ba, mutum ne mai kawaici. Da sakamako ya fito ya faɗi anatomi, sai da ya sake zama. Ya haye a karo na biyu, yanzu likita ne, amma har yau in na tuna sai in ji kunya. Da ya sake faɗi da maimaita shekara zai yi, kuma akwai iyakar da in ka kai ta za a ce ka bar kwas ɗin. Ba mugunta muka yi ba, jadawalinmu ne ba ɗaya ba. Don haka daga aji biyu, in da hali, ka zauna da ɗan ajinku, wanda jarrabawarku rana ɗaya ce. Kuma ba lallai amininka ba. Wani aminin kirki ne a hira, amma ba ya wanke tukunya, ba ya kawo kuɗin gas.

Wannan bambancin jadawalin yana shafar haya ma. 'Yan medisin, musamman daga aji huɗu, ba sa samun dogon hutu irin na sauran ɗalibai. Ka tambaya ko hostel ɗinku yana zama a buɗe lokacin da sauran makaranta ta tafi hutu. Sannan ga yajin aiki. A 2022 ASUU ta yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Waɗanda suka biya hayar shekara a watan Janairu suna gida a zaune kuɗinsu yana ƙonewa, da aka dawo saura wata biyu ko uku a ce su sake biya. Shi ya sa nake cewa kada ka biya shekara biyu a dunƙule ko da an yi maka ragi.

In hayar ce ta kama ka, to ga abin da na koya da kuɗin masarar Baba. Kada ka tura wa kowa kuɗi saboda hoton ɗaki da ka gani a WhatsApp ko Facebook. Ka je da ƙafarka, ka ga mai gidan ido da ido ko wakilinsa da maƙwabta suka sani. Ka je sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i, don unguwar da ka gani shiru da hantsi wataƙila da dare gidan kallon ƙwallo ne a jikin tagarka, ko lungun ba ya shiguwa. Ka ja ɗaya daga cikin 'yan hayar gefe, ba a gaban dillali ba, ka tambaye shi ruwa. In an ce akwai burtsatse, wa yake sayen man tayar da ruwan in babu wuta? In babu, nawa 'yan garuwa suke sayar da jarka? Ka duba mita, mai kati ce ko ta kowa da kowa, kuma akwai tsohon bashin wuta a kan gidan? Ka ɗaga kai ka kalli silin, ka duba gindin bango. In ka kama ɗaki da rani, tabon da ke jikin bango ne kaɗai zai gaya maka abin da damina take yi a gidan. Sannan a rubuta yarjejeniya da shaidu: ranar shiga, ranar fita, wa zai yi gyara, kuma in za ka tashi kafin lokaci kana da damar kawo wanda zai gaje ka. Wannan layin na ƙarshe, da na sa an rubuta shi, da ban sha wahalar da na sha ba.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: janareta da gawayi. Kada ka kwana da janareta a cikin ɗaki ko a baranda a rufe don tsoron ɓarayi, kada ka shigo da kaskon gawayi lokacin sanyi ka rufe taga. Iskar da ke fita daga cikinsu ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi. Fitila mai caji da ɗan ƙaramin sola sun ishe ka karatu.

'Yan'uwana mata, ku ƙara da tambayar wa yake riƙe da makullin get, ƙarfe nawa ake rufewa, su wa ke zaune a sauran ɗakunan. Wannan zai fi muhimmanci in kun kai aji huɗu zuwa sama, lokacin da za a riƙa sa ku zaman dare a ɗakin haihuwa ko sashen gaggawa, ku fito ƙarfe goma ko sha ɗaya. A lokacin kam kusanci da asibiti ya fi tayil, ya fi fenti, ya fi komai.

Ita ƙanwar tawa yanzu tana aji uku, babbar jarrabawar tana gabanta, ku sa ta a addu'a. In ta haye, unguwar nan dai da na fara kai ta can za ta koma. Satin da ya wuce na sa an tambayo mini kuɗin wancan ɗakin, an ce ya kusa ninkawa. Na ce wa Baba in je in fara dubawa, ya ce a'a, wannan karon ita za ta je da kanta, tare da wata 'yar aji biyar da ta sani, ni aikina in tura musu kuɗin adaidaita.

Wanda yake da tambaya a kan makarantarsa ya ajiye ta a ƙasa, ya faɗi garin. 'Yan aji huɗu zuwa shida da ke bibiyarmu, don Allah ku shigo ku amsa musu, ku kuka san lungunan. Sai mun haɗu sati mai zuwa, wassalamu alaikum.